Faifai Ɗaya a Maƙogwaro: Abin da Ke Kayar da Mutum-mutumi a Filin Gasa

Ƙara ce ke fara tona asiri. Mutum-mutumin da ke cikin ƙoshin lafiya, idan ya taka kan faifai, sai ka ji "fat", faifan ya shige, ka ji na biyu, ka ji na uku, ya juya ya nufi kwando. Wanda ya shaƙe kuwa, gurnani za ka fara ji daga cikinsa, sai sarƙa ta soma tsallake haƙoran giya, ƙas-ƙas-ƙas, daga nan sai shiru. Direbansa, yaro ɗan sakandare, yana tsaye a gefen fili da abin sarrafawa a hannu. Ya danna gaba, ya danna baya, ya kai shi ya buga da bango ko zai tofar da abin da ya tsaya masa. Doka ba ta yarda ya sa hannu ya zaro ba. Ga agogo na ci, ga abokin hamayya na zuba faifai a kwando kamar mai awo.

Duk wanda ya bi gasar VEX ta kakar 2022 zuwa 2023 ya ga irin wannan har ya gaji da gani. Sunan wasan shekarar Spin Up. An bayyana shi a birnin Dalas na jihar Teksas a watan Mayun 2022, aka kuma rufe shi da gasar duniya a can Dalas ɗin bayan shekara guda. (Mutum-mutumi dai muke cewa don ba mu da sunan da ya fi, amma ba abin da ya haɗa shi da siffar mutum. Akwati ne na ƙarfe da roba a kan tayoyi, wanda a farkon wasa bai wuce inci 18 ta kowace fuska ba.) Filin ƙafa 12 ne tsawo da faɗi. Ana karawa biyu da biyu, ja da shuɗi: daƙiƙa 15 na farko mutum-mutumi ke tafiyar da kansa bisa umarnin da aka rubuta masa, sannan minti 1 da daƙiƙa 45 a hannun direba. Faya-fayan guda 60 ne, rawaya, na soso mai tauri, faɗin kowanne milimita 140, kaurinsa milimita 20. Wanda ya faɗa kwandon sama, mai sarƙoƙi rataye a kansa, maki 5 ne. Wanda ya kuskure ya sauko ƙasan kwandon kuwa, ya zama maki 1 ga abokin hamayya.

Sai kuma dokar da ta mayar da shaƙewa babbar masifa: ba a yarda mutum-mutumi ya riƙe fiye da faifai 3 a lokaci guda ba. Ke nan wasan zirga-zirga ne, ɗauko uku, harba uku, komo. Kowace tafiya maki 15. Idan ukun nan suka sarƙe a ciki, ba harbi, ba kuma damar ɗaukar wani. Mutum-mutumin da aka yi wata huɗu ana ginawa ya koma ɗan tare hanya har a busa tashi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan harka shi ne inda hankalin magina ke tafiya. Kusan kowace ƙungiya da tayar harbi take farawa, wato tayar nan mai gudun tsiya da ke fizgar faifai ta wurga shi, wadda da yawa suke juya ta sau 3,000 zuwa 3,600 a minti. Ita ake ɗauka a hoto, ita ake nuna wa baƙi. Hanyar da faifan zai bi daga ƙasa ya iso gare ta kuwa, sai a bar ta zuwa makon ƙarshe, a cusa ta a ɗan wurin da ya rage. Alhali maharbi duk iyawarsa, abin da aka miƙo masa yake harbawa. A ganina wasannin da aka rasa a maƙogwaro sun fi waɗanda aka rasa a wurin saiti.

Hanyar nan gaɓa huɗu ce, kuma sunayen jikin dabba sun fi dacewa da ita. Akwai baki, inda rola mai tayoyin roba ke tsintar faifai daga ƙasa. Akwai maƙogwaro, gangaren da faifan ke hawa. Akwai tumbi, inda uku ke jira a jere ko a ɗore. Sannan akwai ɗan tunkuɗa, wanda ke miƙa su ɗaya bayan ɗaya ga tayar harbi. Shaƙewa ba ta cika faruwa a tsakiyar gaɓa ba. A mahaɗa take faruwa, inda wata gaɓa ta saki faifai kafin ta gaba ta kama shi. A ɗan wannan tsakanin faifan ba shi da mai riƙe da shi, kuma faifan da aka bari ya zaɓi yadda zai kwanta, wata rana zai zaɓi karkacewa.

Abu biyu a ƙofa ɗaya

A fara da baki, domin nan kwaɗayi ke shigowa. Mai gini yana son baki mai faɗi don direba ya huta da saiti, ya share faifai duk inda ya same shi. Amma maƙogwaro na faifai ɗaya ne, saboda haka sai a yi bakin kamar mazurari, faɗi a gaba, matsatsi a baya. Muddin ɗaya-ɗaya suke zuwa, lafiya lau. Ran da biyu suka shigo kafaɗa da kafaɗa, sai kowanne ya tokare bango ta gefensa, su tokare juna a tsakiya, kamar mutum biyu da suka yi karo a ƙofar zaure kowa ya ƙi ja da baya. Rola tana ƙara turawa, su kuma suna ƙara kafewa, don ƙarfin turawar gefe yake komawa, ya matse bangon.

Lissafin a fili yake. Faifai ɗaya milimita 140, biyu a jere 280. Hanyar da ta ɗan ɗara 140 ba ta ba na biyu wurin raɓawa, dole ya bi layi. Hanyar da ta haura 280 biyu na wucewa ba tare da sun damu juna ba. Duk faɗin da ke tsakanin waɗannan shi ne wurin haɗari, kuma yadda ya ƙara kusantar 280 haka tokarewar ke ƙara tsanani. Mazurari kuwa dole ya ratsa wannan faɗin. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suka haƙura da baki mai faɗin faifai ɗaya, suka ɗora nauyin saiti a wuyan direba. Waɗanda suka nace wa mai faɗi sukan karya daidaiton da gangan: bango ɗaya miƙaƙƙe, ɗayan a karkace, ko a sa gefe guda ya fi ɗaya gudu, yadda kullum wani faifan zai riga wani isa. Hikimar mai injin niƙa ce. Ba ya juye kwanon masara gaba ɗaya a mazurari ya koma ya zauna, da hannu yake sakinta kaɗan-kaɗan.

A Spin Up akwai ƙarin wahala, domin wasu faya-fayan a ɗore uku-uku ake ajiye su a fili tun farkon wasa. Bakin da aka saita wa kaurin milimita 20, idan ya ci karo da tsibi mai milimita 60, ko ya ture shi ya watse, ko ya haɗiyi biyu a manne. Wasu suka sa fistin na iska ya ɗaga rolar gaba ta zauna a kan tsibin, ta zare na sama ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuma suka koya wa direba ya fara rushe tsibin kafin ya tsinta.

Matsi da gudu

Faifan soso ba ya tafiya sai an ɗan matse shi tsakanin taya da gangare. Idan matsin ya yi kaɗan, taya ta yi ta santsi a kansa, ya tsaya, na baya ya zo ya hau shi. Idan ya yi yawa, moton lantarkin da ke juya rolar ya gaza. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun 'yan milimita ce, kuma faya-fayan ba duka ɗaya suke ba. Sabo fil yana da kamu da tauri. Wanda ya sha wasanni gefensa ya cinye, ya kwashi ƙura, wani ma ya ɗan lanƙwashe. Bakin da aka ɗaure tam da noti bisa kaurin sabon faifai zai ba da kunya a filin da aka yi yini ana tattaka su.

Maganin da ya fi karɓuwa shi ne a bar rola ta yi lilo. A ɗora ta a kan hannu mai motsi, a ja ta ƙasa da robar nan irin ta ɗaure kuɗi, yadda za ta ɗaga idan faifai mai kauri ya zo, ta sauko idan siriri ne. Haka nan tayoyin roba masu ramuka a jiki, waɗanda ake sayarwa mataki-mataki na tauri, daga mai laushi mai lamba 30A zuwa mai tauri mai lamba 60A: masu laushin suna lotsewa su bi jikin faifai, su yafe kuskuren awo. Sannan tazarar da ke tsakanin rola da rola kada ta kai faɗin faifai, don kafin ta baya ta sake shi ta gaba ta riga ta cafke.

Batun gudu shi ne wanda sababbin shiga ba su cika lura da shi ba. Moton VEX, mai suna V5, yana zuwa da giya iri uku: ja mai juyi 100 a minti, kore mai 200, shuɗi mai 600. Shuɗin, idan aka haɗa shi kai tsaye da taya mai faɗin inci 2, fatar tayar na gudun kusan mita 1.6 a daƙiƙa. To idan baki na cusa faifai da wannan gudun, maƙogwaro kuma na tafiya da rabinsa, ai cunkoso aka shirya da hannu. Ƙa'idar ita ce kowace gaɓa ta kai ta bayanta gudu, ko ta ɗan fi ta, yadda tazara za ta riƙa buɗewa tsakanin faifai da faifai. Bakin kansa kuma ya fi tayoyin tafiya gudu, in ba haka ba mutum-mutumin zai riƙa hawa kan faifan kafin ya gama haɗiye shi.

Dalilin neman tazarar ya wuce cunkoso kawai. Idan taya na tura faya-fayai ta gefe guda, kowanne na murginawa, kuma duk fuska ɗaya suke juyawa. A inda biyu suka haɗu, gefen wannan na tafiya hagu, gefen wancan na tafiya dama. Soso a kan soso ba ya zamewa. Sai su riƙe juna, na baya ya nemi hawa na gaba. Wanda ya ga haka ya ce ƙarfi ne ya yi kaɗan, ya ƙara moto, abin da zai samu shi ne faifai a naɗe da sandar ƙarfe a murɗe.

Darasin bokitin fenti

Shekara tara kafin Spin Up, wata gasar ta riga ta sha wannan wahala. FIRST, ƙungiyar da Dean Kamen ya kafa a 1989, ta fitar da wasan Ultimate Ascent ranar 5 ga Janairun 2013, ta ba ɗalibai mako shida su gina. A can manyan mutum-mutumi ne, masu nauyin da ya kai fam 120, faya-fayan kuma irin na roba ne da ake wurgawa a filin shaƙatawa, na kamfanin Wham-O, faɗinsu wajen inci 11. Iyakar riƙo 4.

Wannan faifan ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar na soso. Murfin kwano ne: sama a tudu, ƙasa a rami, ga baki kewaye. Duk wadda ta taɓa jera murafan samira ta san halinsu. In dai duk a kife suke, ko duk a buɗe, suna zama lafiya. Ɗaya ya juya, sai tsarin ya lalace. Faifan da ya faɗi ƙasa a birkice a filin wasa, idan aka tsince shi haka, yana iya shiga cikin na kusa da shi, ko ɗan tunkuɗa ya kama bakin biyu a tare. Ko a jere suke a kan gangare, gefen na baya kan zame ya hau kan tudun na gaba, su yi ɗaurin kwanon rufi, kaurinsu ya wuce ƙofar da aka yanka musu.

Ƙungiyoyi da dama a shekarar sun yanka bokitin fenti mai cin galan 5 suka mai da shi tumbi, don faɗinsa ya yi kusan daidai da faifan. Dabara ce mai arha, kuma ta yi aiki, amma ta koyar da wani abu: faifan da aka saki daga sama ya faɗa rami mai zurfi ba lallai ya sauka a kwance ba. Gefe ɗaya kan riga ɗaya, ya tsaya a jirkice ya tokare bango, kamar durowar tebur da aka ja ta kusurwa guda. Gyaran shi ne a rage nisan faɗuwar, a sa faifan ya zamo ciki ta gefe maimakon ya faɗo, a karkata tumbin yadda duk za su jingina bango ɗaya, a kuma sa rufi a sama wanda ba zai bar wani ya miƙe tsaye ba.

A gasar duniya ta shekarar, a birnin Sent Luwis cikin Afrilu, ƙawancen da ya ɗauki kofi ya haɗa ƙungiya mai lamba 1241 da mai lamba 610, duka daga lardin Ontariyo na Kanada, da mai lamba 1477 daga Teksas. Mutum-mutumin 610 bai dogara da tsintar faifai a ƙasa ba. Zuwa yake ramin bango inda ɗan ƙungiya ke zuro masa huɗu da hannu, duk a fuska ɗaya, ya ruga ya harba, ya komo. Sun rage wa kansu gaɓa guda cur, tare da duk shaƙewar da ke cikinta. Ba kowane wasa ke ba da wannan damar ba, a Spin Up yawancin faya-fayan a ƙasa suke, amma ina ganin tambayar da suka yi wa kansu ta cancanci kowa ya yi ta kafin ya ɗauki zarto.

A koma Spin Up: ɗan tunkuɗa shi ne gaɓar ƙarshe, kuma ƙaramin abu ne mai yawan rigima. Idan faya-fayan a ɗore suke, ƙofar fita dole ta fi kaurin ɗaya, ta kasa kaurin biyu da nisa. Kan ɗan tunkuɗan ya zama bai kai kaurin faifai tsayi ba, don kada ya taɓa na sama. Sannan sai ya koma baya gaba ɗaya kafin tsibin ya sauko. Direban da ya ƙagu ya danna harbi da sauri-sauri yakan tura fistin kafin faifai na gaba ya gama zama, ya kama shi a rabin hanya. Sauri ya haifi nawa. Haka kuma kowane faifai da ya fita yana rage wa tayar harbi gudu. In aka cusa mata na biyu kafin ta farfaɗo, ko ya fita a raunane ya faɗa ƙasan kwando ya ba abokin hamayya maki, ko ya tsaya a bakinta. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka ƙware ke cire wannan hukuncin daga yatsan direba su ba manhaja: ba za a miƙa faifai ba sai gudun taya ya dawo inda aka sa masa.

Masu fistin na iska suna da tasu damuwar. Tankin iska biyu kawai aka yarda da su a Spin Up, ba a kuma cika su ya wuce awo 100 na matsin iska. Kowane tunkuɗi na rage iskar. Fistin da ke bugawa da ƙarfi a farkon wasa, zuwa ƙarshe yakan yi sanyi ya kai faifai rabin hanya ya bar shi. Masu majajjawa kuwa, wato hannun da ke watsa uku a lokaci guda, babbar fargabarsu ita ce faifai ya shigo alhali hannun na sama, ya faɗa ƙarƙashinsa ya hana shi saukowa. Makunni ɗan ƙarami da ke hana baki juyawa sai hannun ya kwanta, shi ke raba su da wannan.

Idan ta riga ta faru

Duk iya gini, wata rana za ta shaƙe. Bambancin ƙungiya da ƙungiya shi ne tsawon lokacin da shaƙewar ke ci. Moton V5 na sanar da ƙwaƙwalwar mutum-mutumin gudunsa da yawan wutar da yake ja. Idan an umarce shi ya juya, gudu ya faɗi kusan sifili, wuta kuma ta hau, to wani abu ya tokare. 'Yan layukan umarni sun isa su sa shi ya koma da baya na ɗan ƙiftawar ido, ya sake gwadawa, tun kafin direba ya ankara. A daƙiƙa 15 ɗin farko, da ba direba sam, wannan ne kaɗai mai ceto.

Amma akwai tarko a ciki. Moto da ya tashi daga tsaye shi ma gudunsa sifili ne, yana kuma jan wuta, don haka sai an ɗan jinkirta kafin a yanke hukuncin cewa shaƙewa ce. Kuma da yake moto 8 kawai dokar Spin Up ta yarda da su, ƙungiyoyi da yawa moto ɗaya suka sa wa aikin baki da aikin juya rololi huɗun da ke jikin bangon fili, masu maki 10 kowanne. Rolar bango na da nauyin juyawa. Manhajar da ba a koya mata bambancewa ba za ta ɗauka faifai ne ya maƙale, ta ja da baya a daidai lokacin da ake neman makin.

Barin moto ya yi ta gurnani a tokare kuma yana da farashi. Idan zafinsa ya kai digiri 55, da kansa yake rage wutar da yake ja zuwa rabi, in ya ci gaba da zafi ya ƙara ragewa har ya tsaya. Moton da ya yi rauni ya fi saurin shaƙewa, shaƙewar kuma ta ƙara masa zafi. A zagayen fitar da gwani, inda wasa ke bin wasa ba hutu, za ka ga yara sun kafa wa motocinsu ƙananan fankoki suna fifita.

Saura ƙananan abubuwa, waɗanda ba a rubuta su a allo amma su ke cin mutum. Kan noti da ya leƙo cikin maƙogwaro da milimita ɗaya. Wutsiyar igiyar roba da aka ɗaure waya da ita ba a yanke ba. Mahaɗar faranti biyu inda na gaba ya ɗan fi na baya tudu, maimakon na baya ya rufa a kansa yadda faifai zai sauka ba ya hau ba. A Spin Up doka ta ba kowace ƙungiya izinin yanka faranti ɗaya na roba mai santsi, inci 12 da 24, kuma masu wayo a shimfiɗa gangare da rufin maƙogwaro suka kashe mafi yawansa. Idon lantarki guda a bakin shiga, mai ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya tsayar da rola, yana kare ƙungiya daga laifin ɗaukar na huɗu, yana kuma kare tumbi daga cikar da ba a gina shi dominta ba.

Gwaji kuwa ba a yin sa da ladabi. Faifai a miƙe, mutum-mutumi a tsaye a kan tebur, wannan kowane baki zai haɗiye. A kawo tsofaffin faya-fayai da sababbi a gauraya, a shigo musu ta kusurwa, a tsinta ana juyi, a tsinta a jikin bango, a sa wani ya bangaje shi yana cikin haɗiya, a yi da batirin da ya kusa ƙarewa. A kafa waya ta ɗauki hoton da ake rage wa gudu, domin abin da ke faruwa a mahaɗa ya fi ƙarfin ido. Duk inda ya tsaya, kafin a zaro faifan, a duba wurin da gefensa ya taɓa, a sa alama da alƙalami. Bayan tsayawa goma, yawanci alamomin wuri ɗaya ko biyu suke taruwa.

A ƙarshen gasar Dalas ta 2023 aka buɗe wasan shekara mai zuwa, Over Under. Babu faifai a cikinsa. Abin wasan wani koren dunƙule ne mai kusurwoyi, wanda ba ya murginawa yadda ake so, kuma doka ta ce ɗaya tak za a riƙe. Kafin ƙarshen watan Mayu yawancin maƙogwaron da aka sha wahalar saitawa an kwance su, tayoyin roba sun koma cikin akwatin kaya, yara sun ɗauko ma'auni suna auna sabon abin.